Yatsun Mai Gyaran Agogo

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da mutanen wannan asibitin naka na bayan duniya inda waya ba ta shiga. Mu nan lafiya lau, yaran suna gaishe ka, jaririyar ta fara haƙori, ta hana kowa sakat. Na ba direban motar maganinku wannan takarda, tunda ka ce shi kaɗai ne hanyar samunka.

Maganar Baba ce ta sa na zauna rubutu. Mutumin nan ya rame, ya ɗashe, kamar an wanke shi da sabulu an shanya. Daga gida zuwa shagonsa na gyaran agogo, tafiyar da ka sani, sai ya tsaya a ƙofar mai faci yana haki, wai gaisawa ya tsaya yi. Gaisuwar me, mutumin da suka shekara ba sa ga maciji? Abinci kuwa sai ya tsakura ya ture, ya ce harshensa na zafi. Nama dama ya daina tun da haƙoransa suka zube. Ƙwayar sukarinsa dai bai fasa sha ba, wannan kam ko gobara ake yi sai ya haɗiye ta.

Jiya na ja shi wurin mai kemis na kan kwana. Ya ɗaga masa fatar ido, ya duba tafin hannunsa, ya ce ƙarancin jini ne. To kai ne likitan gidanmu, ko da yake mu ba mu taɓa cin moriyar likitancin ba. Me za mu yi?

Wani abin dariya: yanzu kullum sai ya yar da 'yan ƙananan sukurorin nan na cikin agogo, ya kira ni in rarrafa ƙarƙashin tebur da maganaɗisu ina nema. Ya ce ƙwan fitilar ne ya tsufa. Na canza ƙwan, ya ce sabon ya fi haske da yawa. Agogonka da ka bari a gyara yana nan a aljihun tebur, ya ce sai ya sami natsuwa.

Ka ba ni amsa da wuri, hankalina bai kwanta ba.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na gode. Lafiyata ƙalau, sai dai aiki ya yi mini rubdugu. Ni kaɗai ne da nas biyu, kuma zazzaɓi ya cika mana benci har waje. A tsaye nake rubuta miki wannan, direba na ta danna hon.

Ki kwantar da hankalinki. Ƙarancin jini ba abin tashin hankali ba ne, kullum muna ganinsa kuma ana gyara shi. Sai dai shi alama ne, kamar hayaƙi, dole a nemo inda wutar take. Ki kai Baba asibitin unguwa a ɗebi jininsa a yi cikakken gwaji, ba duba ido kawai ba. Ki gaya musu shekarunsa da ciwon sukarinsa. Abin da suka gani ki rubuto mini.

Maganar sukurori kuwa, ai shekaru sun ja, Yaya. Ki sa a duba masa tabarau.

Ki gaida Baba, ki ce agogona ba gaggawa. Ki shafa mini kan mai haƙori.

Autanku

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, kuma yau da albishir na zo, ka tanadi goro.

Asibitin da ka ce, ka fi kowa sanin ubanka. Na yi magiya, na yi fushi, na turo masa maigidana, duk a banza. Ya ce shi ba zai rufe shago ya je ya zauna a layi tun safe don a tsotse ɗan jinin da ya rage masa ba. Da na karanta masa takardarka, wurin da ka ce ba abin tashin hankali ba ne, sai ya tafa hannu ya ce, "Kin ji ko? Likita da kansa ya faɗa." Sauran maganar ko saurara bai yi ba. Ni ma, gaskiya, wannan layin ne ya zauna mini a rai.

Sai na tuna da ƙwayoyin da aka ba ni a wurin awon ciki, ja da 'yar ƙaramar ɗorawa. Ka tuna yadda na ɗashe lokacin cikin jaririyar nan, su ne suka tashe ni. Akwai ragowa cike da gwangwani a kan durowa. Na ce jini ai jini ne, na mace da na namiji duk ja ne. Na fara ba shi kowace safiya. Da farko ya ƙi, wai shi za a ba maganin masu ciki, me zai haifa? Na ce lafiya za ka haifa, Baba, buɗe baki.

Wallahi Auta ka ga ikon Allah. Fuskarsa ta dawo, hakin ya ragu, har ya daina tsayawa gaida mai faci. Mai kemis ya tsira masa yatsa da 'yar na'urarsa, ya ce jini ya hau. Ka ga ni ma na zama likita ba tare da na bar gida na tafi daji ba.

Sai dai tsufa ba ya barin mutum ya yi murna ta cika. Tafiyarsa ta canza, yana buɗe ƙafafu yana dafa bango kamar mai tafiya a kan katifa. Shekaranjiya ya dawo gida da silifa ɗaya, ɗayan ya zare a hanya bai ma sani ba. Kuma ya ƙona yatsa da ƙarfen narka dalma na shago, sai ƙauri ya ji, zafin bai ji ba. Mai kemis ya ce sukari ne ke sage wa mutum hannu da ƙafa, ba komai. Ga mantuwa, ya ba wani mutum agogon da ba nasa ba, da kyar aka raba rigimar.

Tabarau ɗin na sa an duba, an ce ƙalau suke.

Yaushe za ka zo? Ko sai an aiko maka da mota mai jiniya?

Yayarka

*

Yaya,

Ina fata wannan ta same ku lafiya. Ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba. Tun da na karanta takardarki na kasa zama, marasa lafiya na gabana amma hankalina na shagon Baba.

Don Allah, don Annabi, ranar da wannan ta shiga hannunki ki kai Baba asibiti. Ko ɗaukarsa za a yi cak, a ɗauke shi. Ki tafi da gwangwanin ƙwayoyin nan da kwalin maganin sukarinsa, ki ajiye su a gaban likita.

Bari in yi miki bayani yadda za ki iya maimaita masa. Ƙarancin jini ba ciwo ɗaya ba ne. Wani jininsa zuba yake a ɓoye ta ciki ko hanji. Wani jikinsa ne ke farfasa ƙwayoyin jinin, kamar masu sikila ko mai zazzaɓin sauro. Wani ƙoda ce ta gaza. Wani kuma kayan haɗin jinin ne suka ƙare masa, kuma su ma iri-iri ne. Ke lokacin cikinki sinadarin ƙarfe ne ya yi miki ƙaranci, shi ya sa jar ƙwayar ta tashe ki. Idan ƙarfe ne babu, ƙwayoyin jinin kan fito ƙanana, koɗaɗɗu. Amma akwai wani bitamin da ake kira B12, wanda ake samu a nama da ƙwai da madara. Idan shi ne babu, ƙwayoyin kan fito manya-manya marasa ƙwari. Kuma shi ba jini kaɗai yake ginawa ba, shi ke kula da jijiyoyin da ke kai ji zuwa hannu da ƙafa da ƙwaƙwalwa.

Ki haɗa da kanki. Baba ya bar nama. Ya shekara da shekaru yana shan ƙwayar sukari, wadda kan iya hana hanji tsotsar wannan bitamin. Harshensa na zafi. Yatsu sun sage, takalmi na zarewa, ga mantuwa. Sukurorin nan da nake cewa tabarau ne, ashe yatsunsa ne suke gaya mana tun farko, ni kuma ina sauri ban saurara ba.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. 'Yar ɗorawar ƙwayar nan, folik, tana iya ɗaga jinin mai wannan ciwo, fuska ta yi kyau, gwaji ya nuna an samu sauƙi, alhali jijiyoyin suna ci gaba da lalacewa a ƙarƙashi. Kamar a yi wa bango fenti gara na cinsa ta ciki. Ban ce tabbas shi ne ba, sukari ma yana sage ƙafa, gwaji ne zai raba. Amma idan shi ne, jini kan jira, jijiya ba ta jira. Wadda ta daɗe a mace ba lallai ta farfaɗo ba.

Kada ki dakatar masa da maganin sukari da kanki, wannan na likita ne. Kada kuma ki zauna zargin kanki, tafiya asibitin ce a gabanmu. Na nemi a ba ni wanda zai riƙe mini wurin nan in zo, an ce babu kowa.

Ki gaya wa Baba, in yana son hannunsa ya sake riƙe hantsaki, ya tafi.

Autanku

*

Auta,

Ina gaisuwa, in har yanzu kana karɓar gaisuwar talakawa.

Shiru, shiru, shiru. Kullum na ji ƙarar babbar mota sai na leƙa, har maƙwabta sun fara tambaya ko bashi nake bin wani direba. An ce ruwa ya cinye gada a hanyarku. To in gada ta karye, ƙafarka ma ta karye ne? Babu tudun da za ka hau ka kira mu ko da minti ɗaya?

Baba ya faɗi a banɗaki. An ɗauke wuta, yana shiga duhu sai ƙasa ta ɓace masa, haka ya faɗa. Bai karye ba, goshi ne ya fashe. Na ƙara masa ƙwayoyin, safe da yamma yanzu, tunda su ne suka taimaka da farko.

Abin da ya fi faɗuwar ciwo shi ne na ranar da malamin makarantar nan ya zo karɓar agogon mahaifinsa. Ka san shi, tun muna yara yake kawo wa Baba gyara. Ina shagon na kawo abinci. Baba ya maƙala gilashinsa a ido, ya ɗauki hantsaki, ya kai hannu, hantsakin ya zame. Ya sake, ya zame. Yana ganin sukurun ƙuru-ƙuru amma yatsun ba su san sun riƙe komai ba. Malamin ya yi ta cewa ba komai, ba komai, ya tattara kayan agogon a hankici ya tafi da su wani wuri. Da yamma Baba ya sa aka sauke allon shagon, ya jingina shi a bayan ƙofar ɗakinsa, rubutun na kallon bango.

Yanzu yana zaune a tsakar gida yana kallon hannayensa. Jaririyar ma ya daina karɓa, wai tsoro yake kada ya yar da ita bai sani ba. Wannan maganar ta sa ni kuka, ban ɓoye maka ba.

Kai ka yi karatun, ni aka bar wa tsohon. Ina jin haushinka, Auta, kuma ina tsoro.

Yayarka

*

Auta,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da waccan takardar, ta riga ta tafi kafin taka ta iso. Direban ya kawo mini ita duk ta jiƙe ta bushe, ya ce ta daɗe a aljihun motarsa a bakin gada. Ina karantawa a tsaye, ina zuwa wurin fenti da gara sai na gane abin da na aikata. Ni da hannuna, safe da yamma! Ka ce kada in zargi kaina. To ka zo ka hana ni.

Ban yi wa Baba magiya ba wannan karon. Na shiga na ɗauko allon shagon daga bayan ƙofa na ajiye masa a cinya, na karanta masa layinka na ƙarshe. Sai ya ce a miƙo masa hularsa.

Likitar asibitin unguwa yarinya ce, ba za ta girme ka ba, amma ba ta da gaggawa irin taka. Na zube mata gwangwanin a tebur ina jiran faɗa. Ta juya shi, ta ce, "Ba ke kika fara ba, gida-gida ake yin haka." Ta tambayi abin da yake ci, da yadda bayan gidansa yake, da tun yaushe yake shan ƙwayar sukari. Ta duba harshensa. Ta buga wani ƙarfe mai baki biyu ta ɗora masa a idon sawu, ta ce yana jin rawarsa? Ya ce wace rawa? Ta ɗora a gwiwa, ya ce yanzu ya ji kaɗan. Sai ya karɓi ƙarfen yana jujjuyawa, wai aikin wanda ya ƙera shi yana da kyau. Ta sa shi ya tsaya ya haɗe ƙafafu ya rufe ido, nan take ya yi luuu, da ni da ita muka tare shi.

An ɗebi jini kwalba-kwalba, har ya ce ai dama ya faɗa. An duba ƙoda, an duba bayan gida ko akwai jini a ɓoye, babu. Ƙarfen jikinsa ma ashe bai taɓa yin ƙaranci ba. Ta ce ƙwayoyin da na ba shi sun rikita hoton jinin, ba don ta sa an auna bitamin ɗin kai tsaye ba da sai a ce lafiyarsa ƙalau. Sakamakon ya fito yadda ka zata. B12 ɗin ya yi ƙasa ƙwarai.

Ta karɓe gwangwanin. An fara masa allura a jere, ta ce daga baya za a riƙa ba da tazara, kuma mai yiwuwa har ƙarshen rayuwarsa. Maganin sukarin ta ce a ci gaba tukuna, za ta sake dubawa. Ta ce a riƙa ba shi ƙwai da madara da niƙaƙƙen nama, amma kada mu ɗauka abinci zai maye gurbin allurar.

Na bi ta har bakin ƙofa na tambaye ta maganar yatsun. Ta ce a ba shi lokaci. Na san irin wannan amsar, ni ma ita nake ba yara in sun tambayi abin da babu. Kai ƙanina ne, ba ruwanka da lallashi. Hannun Baba zai dawo ko ba zai dawo ba?

Yayarka

*

Yaya,

Na sami takardunki biyu a tare, ta fushin da ta asibitin. Na fara karanta ta fushin, kuma ban ga ƙarya a cikinta ba. Tudun na hau, Yaya, ba sau ɗaya ba, ruwan da ya ci gadar ya kayar da ƙarfen sabis ɗin waya ma.

Kin ce in faɗa miki gaskiya. Ban sani ba. Ƙarfin jiki da mantuwar su ne kan fara gyaruwa. Jijiya a hankali take warkewa, wata da watanni, kuma abin da ya fi daɗewa a sage shi ne kan zo ƙarshe, wani lokaci ba ya zuwa. Yatsun Baba su suka fara. Wannan shi ne abin da likitar ba ta so ta faɗa miki a bakin ƙofa ba.

Kada a tsallake allura ko ɗaya, ko da ya ce ya warke, kuma zai faɗa. Ki bar fitila a hanyar banɗaki. Ki riƙa duba masa tafin ƙafa. Ki ba shi abin da zai riƙa motsa yatsun da shi, maɓalli, tsabar wake, duk abin da ya samu. In ya ji kamar ana tsira masa allurai ko ƙaiƙayi a yatsun, kada ki tsorata, ki rubuto mini.

Kin ce da hannunki kika ba shi. Da wannan hannun kuma kika kai shi. Ni ko ɗaya ban yi ba.

Autanku

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun daɗe ba mu rubuto ba, ban so in rubuto maka babu komai a hannu ba. Mai haƙori ta fara tafiya, ita da kakanta tsere suke a tsakar gida, kowa na dafa bango, kuma yanzu ya fi ta sauri. Yana ɗaukarta ma. Ya daina kiran maigidana da sunan mai faci. Allura kuwa sau biyu ya ce ya warke, sau biyu na ɗauko masa hularsa.

Tsabar waken da ka ce, ya watsa mini ita a fuska, wai shi ba ɗan raino ba ne. Agogonka ya ce a ɗauko masa. Kullum da safe sai ya riƙe shi a hannu ya murza ya ajiye. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi har yau ba su san inda suke ba, a hannu biyun duka. Likitar ta daina cewa a ba su lokaci. Amma babban yatsa da manuni na dama sun yi ta yi masa tsikari har ya hana mu barci da mita, sannan wata safiya ya kira ni ya ce in zo da maganaɗisu.

Ni ce hannun, shi ne ido da baki. Ya zaunar da ni a kujerarsa, ya tsaya a kaina yana faɗa. Na sha zagi, Auta. Wai hannuna kamar na mai faskare. Muka buɗe, muka wanke, muka canza abin da ya karye. Da aka zo sukurun ƙarshe sai ya ce in tashi. Ya zauna, ya maƙala gilashi, ya ɗauki hantsaki. Sukurun ya faɗi, na rarrafa na nemo. Ya sake faɗuwa, na sake nemowa. Tun ina ƙirgawa har na bari, gwiwoyina sun shaida. Rana ta take tsaka kafin sukurun ya shiga raminsa. Ya ɗaure shi, ya murɗa agogon, ya riƙe shi tsakanin yatsun nan biyu, bai kai kunne ba. Na fita na ba shi wuri.

Ga agogon nan a cikin ambulan ɗin takardar, na naɗe shi a safa. Za ka ga ƙarzuwa a murfin baya inda hannunsa ya zame. Na ce a goge, ya ce a bar ta. Allon shagon bai mayar ba, kuma ban san ko zai mayar ba. Ya dai juyo da shi, rubutun na kallon ɗaki.

Ya ce in bar masa wuri a ƙasan takardar nan. Kada ka yi dariyar rubutun, ya fi awa yana yi.

Yayarka

Auta. Na ji bugunsa a yatsana. Gada ta gyaru, ka zo gida. Babanka.